An Ƙidaya Mu a Gonar Wasu

Yamai, Oktoba 1977

Zuwa ga Goggo Hinda, a Rijiyar Tsoho,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗanki Hammadu da duk mutanen gida. Ni ne Muttaƙa ɗan Alkasim, jikan Ƙande yayar mahaifinki, wanda aka ɗauke zuwa lakwal, makarantar boko, a Damagaram tun bai san daman wandonsa da hagu ba. Na san za ki ce sai yau na tuna da ku. Ki faɗa, na cancanta. Labarin rasuwar Baffa Lado ya iso ni a makare, Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙurin rashin miji. Na kuma ji kin shiga yaƙi da jahilci a Mallawa har kin iya karatu da rubutu, shi ya sa na rubuto miki kai tsaye ba ta hannun kowa ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ina aiki a wani biro, ofishin gwamnati, nan Yamai inda ake tsara gine-ginen karkara. An samu taimako daga wasu Turawa za a sake gina kasuwannin ƙauye: rumfunan siminti da rufin kwano, rijiya mai murfi, wurin sayar da dabbobi, da hanyar jan tsakuwa har bakin kasuwa. A yankinku guda ɗaya tak za a gina. Da na ji haka, kasuwarku ta Laraba ce ta faɗo mini a rai, don ban manta ranar da na ɓace a cikinta ba, kika tsinto ni wajen mahauta kika toshe mini baki da rake.

Amma ba da roƙo za a zaɓa ba. Bayan kaka za a yi ƙidayar jama'ar ƙasa baki ɗaya, kuma garin da ya fi mutane shi za a ba. Goggo, na san halin mutanenmu. Da an hango mai takarda sai samari su shige dawa, mata su ce ba su taɓa haihuwa ba. Don girman Allah wannan karon kada a yi haka. Ba haraji ba ne, ba jangali ba ne, ba ɗibar yara lakwal ba ce. Duk inda mai ƙidaya ya same ku, ku fito, babba da yaro, har jaririn da ba a yi suna ba. Ki gaya wa dattawa ni na ce, kuma na ɗauki nauyin maganar.

Ɗanki,
Muttaƙa

Gonakin Gidan Maina, Disamba 1977

Ɗana Muttaƙa,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya, in ban da gwiwar nan tawa da ba ta son sanyi. Ashe kana raye. Duk shekarun da ka yi a lakwal rubutunka bai fi sawun kaji ba, amma na karanta, har sau uku don daɗi.

Ka ce ka tuna kasuwarmu. Raken ka tuna, ita ba ka san ta yanzu ba. Ran Laraba da hantsi ba ka samun wurin aje ƙafa. Mutanen Najeriya su tsallako da kananzir da atamfa da kwanuka, na Waca da Bande su zo da gyaɗa da wake, mu mu kawo nono da man shanu. Ran Alhamis kuwa sai awaki. Tun da fari ya cinye mana shanu, ita ce gonarmu ta biyu. Ni ina da rumfar fura gindin marke. Shi kuma ɗan farin nawa, wanda kai ka iya kiran sunansa ni ba na iyawa, yana da amalanke. Motoci ba sa ratsa rairayinmu, can kan tudu suke tsayawa, shi ke jido kaya zuwa kasuwa ya mai da wasu. Da wannan amalanken nake riƙe da shi, Muttaƙa. Sa'o'insa duk sun tafi Kano, shi ma idonsa na kan hanya, kuma ba ni da wani sai shi.

Na kai saƙonka ga dattawa, na sha wuya. Ɗantsoho, wanda yanzu shi ne babba a cikinmu, ya ce, "Hinda, tun da nake ban taɓa ganin an ƙidaya abu an bar shi yadda yake ba." Na ce masa, "Baffa, ɗan Alkasim ne ya ce, jininmu ne, zai sa a yanka mu ne?" Na bi bukka bukka da gwiwar nan har suka yarda.

Malamin ƙidaya ya same mu nan inda muke zaman taki. In lakwal ta mantar da kai, da an gama girbi mukan kwashi 'yan shanun da suka rage, da tukwane da tabarmi, mu sauka a gonakin mutanen Gidan Maina. Shanu su ci karan hatsi su zuba musu taki, su kuma su ba mu dammuna. A gida sai tsofaffin da ba sa iya tafiya. Ran Laraba kaɗai muke komawa cin kasuwa.

Yaron kirki ne malamin, daga yamma ya fito, Hausarsa a karkace. Ya ce, "Inna, nan kuke kwana?" Na ce to ina za mu kwana, ga bukka ga murhu ga maruƙa a ɗaure? Ya rubuta. Sai ya ce in faɗi sunan ɗana na fari. Na dubi Aisa maƙwabciyata don ta faɗa a madadina, ya ce a'a, mai gida ita za ta faɗa da bakinta. Tun ranar da aka raɗa masa sunan nan ban kira shi ba. Na tuna maganarka, na rufe ido na faɗa, a gaban mutane, shi yana tsaye yana duban ƙasa. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa. Amma ba wanda ya ɓuya, ko mutum ɗaya. Malamin da kansa ya ce bai taɓa ganin masu shanu sun fito haka ba, har takardunsa suka ƙare ya koma ya ƙaro.

Mun yi namu. Saura naka.

Goggonka,
Hinda

Yamai, Maris 1978

Goggo Hinda,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai zafi da yawan aiki. Har yau ban ga amsarki ba, ban sani ba ko takardata ta farko ta isa. Na samu wani direba mai zuwa Magarya, shi ya sa nake wannan a tsaye. An fara kawo mana abin da ƙidaya ta nuna, ba a gama haɗawa ba. Sunan kasuwarku yana cikin takardun da ke kan teburin shef, wato shugaban ofishinmu, na gani da idona. A ci gaba da addu'a. Ki gai da Hammadu.

Muttaƙa

Rijiyar Tsoho, Agusta 1978

Ɗana Muttaƙa,

Ina gaishe ka, ina gai da aiki. Muna lafiya, ruwa ya sauka da kyau, gero ya kai ƙugu. Gwiwa tana nan, ta ce a gaishe ka.

Na ba ka amsa tun muna gonakin taki, na ba wani mai zuwa gidan waya na Magarya. In ba ta isa ba, ka nemi ta. 'Yar guntuwar takardarka kuwa ta iso ana shirin shuka, kuma ban taɓa ganin takarda ƙarama ta tayar da gari haka ba. Na karanta ta gindin marke ran kasuwa. Da na zo wurin da ka ce sunanmu yana kan teburin shef, Aisa ta rangaɗa guɗa har jakuna suka firgita. Ɗantsoho ya zo da kansa ya ce, "Hinda, na janye maganata." Ya yanka ɗan akuya aka yi sadaka. Samari suka sare ƙayar da ke gabas da kasuwa don masu gini su samu fili.

Abin da ya fi mini duka shi ne na gida. Ƙanen Aisa da ke Kano ya aiko wa ɗan nawa cewa an samu aiki a wani shagon hatsi, da wurin kwana. Ya zo ya tsaya bakin ɗaki ya ce, "Inna, na ce musu a ba wani. In za a yi gini, siminti da kwano ai sai an jido su daga tudu." Ya sayar da tumakinsa ya ƙara wa amalanken sa na biyu. Har ya fara wucewa ta ƙofar gidan wata yarinya ba tare da dalili ba. Na yi barcin da rabona da shi tun rasuwar babansa.

To amma ga abin da ya hana ni sukuni. Wata biyar ke nan ba mu ji daga gare ka ba. Makon jiya kuma wani mai awo daga Gidan Maina ya sha fura a rumfata, ya ce wasu mutane sun zo garinsu da mota fara, da sanduna masu ja da fari, suna jan igiya a filin bayan masallacin Juma'a. Ya ce kasuwa za a gina musu. Na ce masa ƙarya yake, kasuwarsu ta Asabar ko kare ba ya ƙoshi a cikinta. Ya yi dariya ya biya ya tafi. Ban gaya wa kowa ba. Ka rubuto ka ce mini asibiti za a yi musu, ko lakwal, ko ma gidan yari, in samu in haɗiye abinci.

Goggonka,
Hinda

Yamai, Nuwamba 1978

Goggo Hinda,

Assalamu alaikum. Ina fatan an yi girbi lafiya, gwiwa kuma da sauƙi. Ni lafiyar jiki ƙalau. Takardunki biyu tare suka iso, ta Disamba ta kwana wata da watanni a wani akwati. Na fara wannan amsa na yage ba sau ɗaya ba.

Mai awon bai yi ƙarya ba. Gidan Maina aka ba.

Da na ce sunan kasuwarku yana kan tebur, Goggo, sunayen kasuwannin yankin duka suna kan teburin. Ina sauri na rubuta, ban yi tunanin yadda za a ji shi gindin marke ba.

Ga yadda abin ya faru. Da sakamako ya fito, na ga Rijiyar Tsoho mutanenta ba su cika hamsin ba, kusan duka tsofaffi. Na ce to, sun ɓuya, ba su ji maganata ba, har na yi fushi da ku. Gidan Maina kuwa ta tashi da yawan da ya ba kowa mamaki, ta wuce duk maƙwabtanta. Sai da na karanta takardarki ta Disamba na gane su wane ne suka cika ta. Ku ne. Malamin ya same ku da bukka da murhu da iyali a ƙasar Gidan Maina, ya rubuta ku mutanen Gidan Maina. Akwai wurin rubuta baƙo a takardar, amma baƙo a wurinsu shi ne wanda ya sauka a gidan wani da 'yar jakarsa, ba wanda ya zo da gadonsa da maruƙansa ba. Malamin bai yi ha'inci ba, abin da aka koya masa ya yi. Da kun ɓuya kamar kullum, da Gidan Maina ba ta kai ba. Na ce ku fito duk inda aka same ku, kuma ko kusa zaman taki bai zo mini a rai ba. Wannan ya hana ni sakewa.

Na shiga wurin shef da takardarki a hannu. Na ce masa ƙidaya tana faɗin inda mutum ya kwana ne, ba inda yake ciniki ba. Na ce rabin masu cin kasuwar nan a Najeriya suke kwana, ƙidayarmu ba ta san da su ba. Na ce an rubuta Hammadu makiyayi, an rubuta ki matar gida, babu amalanke babu rumfar fura, kuma babu inda aka tambayi mutum ina yake zuwa ran Laraba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Na yarda da kai, Muttaƙa, ni ma a kasuwar ƙauye uwata ta rene ni. Amma me zan kai gaban masu ba da kuɗin? Takardar goggonka? Sun ce a bi ƙidaya don kada kowa ya ja wa garinsu. Yanzu kai garin wa kake ja wa?" Na tambaya ko za a gyara adadin, ya ce sai wata ƙidayar, ita kuwa sai bayan shekara goma in Allah ya kai mu.

Akwai sauran da ba na son rubutawa. Tun da an ga ba ta da nisa da iyaka, za a mai da sabuwar kasuwar ran Laraba, a can kuma 'yan duwan, wato kwastan, za su zauna, motoci su shiga har ciki.

Ban san abin da zan ce wa Hammadu ba. Ban san abin da zan ce miki ba.

Muttaƙa

Rijiyar Tsoho, Disamba 1978

Muttaƙa,

Muna lafiya. Na karanta. Bana ban je zaman taki ba, na ce ƙafata ce, amma ba ita ba ce.

Ban iya gardama da shef ba, ban san takardunsu ba. Abu ɗaya nake roƙo. Mutanen nan suna da ido ko? Su zo ran Laraba ɗaya su tsaya kan tudu su duba. Ba sai sun sha furata ba, ba sai sun gai da kowa ba. In sun gani suka ce duk da haka Gidan Maina, na haƙura. Ban karanta wa ɗan nawa takardarka ba tukuna, na ce masa gaisuwa ce. Ya dube ni ya fita ya ba shanunsa ruwa. Ka yi sauri.

Hinda

Yamai, Fabrairu 1979

Goggo,

Gaisuwa. Na yi ta naci har shef ya gaji da ganina. Akwai waɗanda za su je duba aikin Gidan Maina a watan gobe, ya yarda su ratsa ta wurinku su rubuto abin da suka gani. Na roƙa a sa ni cikinsu, aka ce mota ba wuri. Na rubuta musu Laraba da manyan baƙaƙe a kan takardar tafiyarsu, na kuma gaya wa direban da baki. Iyakar abin da hannuna ya kai ke nan. Kada ki karanta wa kowa wannan.

Muttaƙa

Rijiyar Tsoho, Disamba 1979

Ɗana Muttaƙa,

Ina gaishe ka. Na ga takardunka biyu na damina, ban amsa ba don ba ni da abin faɗa. Yau ina da shi. Jikina lafiya, gero ya yi, na ci na rage.

Mutanenka sun zo. Motarsu ta lalace a Magarya suka yi kwanaki, suka iso mana ran Asabar. Ina tsakar gida na ji ƙugin mota kan tudu, na fito da sanda ina ɗingishi. Kafin in kai, sun sauko su biyu, sun tsaya tsakiyar kasuwa. Rumfunan kara ba kowa, awaki kwance kan teburin mahauta. Na ce musu, "'Ya'yana, ku dawo ran Laraba." Ɗayan ya ce, "Inna, ran Laraba muna Damagaram, man motar a ƙayyade yake." Sun yi ladabi, ba zan yi musu ƙarya ba. Ɗayan ya ɗauki hoton awakin.

An buɗe ta Gidan Maina bayan ƙaramar salla. Na je sau ɗaya a amalanke in ga abin da muka saya musu. Tana da kyau, Muttaƙa, kwano yana ƙyalli tun daga nesa. Na je wurin mai rabon rumfuna na ce a ba ni ko lungu ne. Ya ce 'yan gari tukuna, baƙi su jira. Na ce ai a takardar gwamnati ni 'yar garin nan ce. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Inna, ke ba Rijiyar Tsoho kike ba?" Na shimfiɗa tabarmata a rana wajen katanga, kafin azahar nono ya tsinke. Ban koma ba.

Tamu ba ta mutu rana ɗaya ba. Masu motoci suka fara ɗaukewa, don wa zai tsaya kan tudu ga hanya har cikin rumfa? Sai 'yan Najeriya, sai mahauta. Mai gishiri ya fi kowa daɗewa, shi ma ya bi. Ɗan nawa ya yi ta ɗaura wa shanunsa amalanke kowace Laraba, ya hau tudu ya zauna har la'asar, ya dawo ba kaya. A sabuwar kasuwa ba a bukatarsa, mota tana sauke buhu a bakin mai shi. Aikin shagon hatsin kuwa an daɗe da ba wani.

Ya tafi Kano watan jiya, ba aiki a hannu, zai nema. Ya sayar da shanun biyu da amalanken, ya cika mini rumbu, ya gyara mini dangar gida. Ya ce, "Inna, in na samu wuri zan aiko." Na ce Allah ya tsare. Ban hana shi ba, da me zan hana shi? Na raka shi har gindin tudu, gwiwa ta ce nan za ta tsaya. Har yau bai aiko ba.

Aisa da mijinta sun koma Gidan Maina da zama. Gidan Ɗantsoho sun bi shanu kudu, sun ce ba lalle su dawo ba, shi tsohon suka ɗora shi kan jaki yana zagin kowa. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Jiya da safe na tsaya ƙofar gida na duba inda hayaƙi ke tashi. Ka ce an rubuta ba mu cika hamsin ba, kusan duka tsofaffi. To ka gaya wa shef ɗinka ya kwantar da hankalinsa, ba sai an gyara komai ba. Yanzu haka muke.

Ka yi ta tambaya ko na yafe maka. Ba ka cuce ni ba, alheri ka nufa, ni ma da alheri na bi bukkokin nan. Ka ci gaba da rubuto mini, ina son ganin sawun kajin nan naka. Amma in ka sake jin wani abin alheri za a yi mana, don Allah ka bar shi a cikinka.

Goggonka,
Hinda